Nnewi, garin da ƴan kasuwa suka ɗauki kayan gwamnati a kansu

A Maraɗi da Damagaram, a Tawa da Yamai, da wuya a sami tashar mota wadda ba ta da layin shagunan kayan gyara a gefenta. Nan direba ke zuwa da mataccen ƙarfe naɗe cikin tsumma yana neman irinsa, nan kuma makaniki ke aiko yaronsa da gudu ya sayo buji ko takalmin birki. Da yawa daga masu waɗannan shaguna Ibo ne waɗanda suka daɗe a ƙasar, suna ciniki da Hausa ba tare da tafinta ba. Wanda ya bi sawun kayansu zuwa kudu, zai ratsa Kano, ya ƙetare kogin Kwara, a ƙarshe ya sauka a wani gari na jihar Anambra mai suna Nnewi. Garin ya cancanci a san shi, domin a cikinsa ake ganin iyakar abin da ɗan kasuwa ke iya yi da ƙarfinsa, da kuma inda tilas sai hukuma ta sa hannu.

Hanyar kudu

Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Daga Maraɗi mota kan bi ta Ɗan Isa, ta shiga Nijeriya a Jibiya, ta wuce Katsina zuwa Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ke cike da kayan mota sababbi da na hannu. Tun daga nan matafiyi zai fara lissafin shingaye: na kwastan, na ƴan sanda, na soja, na masu karɓar harajin ƙananan hukumomi. Motar fasinja takan wuce bayan ƴar gajeruwar magana, amma motar kaya sai ta tsaya, kuma kowace tsayawa tana da kuɗinta. Wannan kuɗi ba ya ɓacewa a hanya, yana biyo kayan har cikin shago, mai saye ne ke biyansa.

A Kaduna ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma daga nan 504 ta cika hanyoyin ƙasar Hausa ta ɓangarorin biyu na iyaka. A shekarun farko, saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas, ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano. Tun ran farko ke nan masana'antar ta fara biyan kuɗin gazawar da ba tata ba. Gaba da Abuja, a kudancin Lokoja, akwai hanyar da ta ratse zuwa Ajakuta, inda aka soma ginin katafariyar masana'antar ƙarfe a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet. An yi fatan daga nan masu ƙera kayan mota za su riƙa samun ƙarfe. Shekaru fiye da 40 suka shuɗe babbar tanderunta ba ta narka tama ba.

Daga nan ƙasa takan sauya kama. Gero da dawa su ɓace, rogo da doya da itatuwan kwakwar manja su maye gurbinsu, ƙasa ta koma ja, iska ta yi nauyi da laima. A Asaba ake hawa gada zuwa Anaca, a kan kogin nan dai da ke ratsa Yamai, sai dai a nan ya yi faɗin da mutumin Gamkalle zai yi mamakinsa. Tsohuwar gadar ta 1965 ce, ta biyun kuwa sai a 2023 aka ƙaddamar da ita, bayan alkawura na shekaru masu yawa. Daga Anaca zuwa Nnewi bai fi kilomita 25 ba.

Kasuwar Nkwo

Nnewi ba babban birnin jiha ba ne, ba ta da tashar jiragen ruwa, ba ta da ma'adinai. Unguwanni huɗu ne suka haɗu suka yi ta: Otolo, Uruagu, Umudim da Nnewichi. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne babura. A nan babur ba na ƴan kabu-kabu ba ne kaɗai: mata masu zuwa kasuwa, malaman makaranta, tsofaffi masu zuwa coci, kowa na kan nasa. Na biyu kuwa ƙarar injunan wuta, waɗanda a Nijar ake kira gurup. Ƙarar ba ta yankewa daga safe har dare, har kunne ya saba da ita.

A tsakiyar gari kasuwar Nkwo take. Sunan na ɗaya ne daga ranakun kasuwa huɗu na makon Ibo, wato Eke, Orie, Afo da Nkwo, ko da yake kasuwar ta daɗe da daina jiran ranarta. Layi-layi take, kowane layi da irin kayansa. Wani na kayan babur zalla, wani na fistan da zobba, wani na fitilu da madubai, wani na batir, wani na sarƙa da ƙusoshi. Kwalaye sun hau kan juna har rufi, masu amalanke na kutsawa suna neman hanya, manyan motoci na lodi zuwa Kano, Maiduguri, Kamaru, Cadi da Nijar. Yaro ɗan shekara 15 zai dubi ƙarfen da aka miƙa masa, ya faɗi motar da ya fito, da shekarar ƙirarta, da irin da zai iya maye gurbinsa. Kowane kaya kuma hawa-hawa ne: akwai na asali, akwai na hannu da ake kira Beljiyam, akwai ƙirar gida, akwai na Sin mai kyau, akwai na Sin mai araha. Mai saye ne ke zaɓa gwargwadon aljihunsa, in har ya san bambancin.

Asalin sana'ar

Mutanen Nnewi ta hanyar sufuri suka shiga wannan harka. Louis Odumegwu Ojukwu, wanda ya rasu a 1966, ya tara dukiya da manyan motocin ɗaukar kaya tun zamanin Turawa, har ya zama shugaban kasuwar hannun jari ta Legas. Bayansa Augustine Ilodibe ya kafa kamfanin motocin Ekene Dili Chukwu. Mai motoci da yawa kullum yana neman kayan gyara, don haka ƴan'uwa da yaran gida suka shiga fataucinsu, suka bazu cikin biranen Nijeriya.

Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, wanda ɗan Ojukwu ya jagoranta, ya komo da su gida ba shiri. Bayan yaƙin, fam 20 kacal aka ba mai ajiya a banki daga yankin, kome yawan abin da ya ajiye, wasu kuma suka rasa gidajen da suka gina a wasu garuruwa. Darasin da suka ɗauka shi ne a ajiye tushen dukiya a gida. Da haka kasuwar ƙauye ta zama cibiyar kayan mota.

Jarin da banki bai ba su ba, tsarin koyon sana'a ya ba su. Yaro kan zauna hannun maigida shekara biyar zuwa bakwai, yana ci yana kwana a gidansa, yana tsaron shago ba albashi. Ran da wa'adi ya cika, maigida ya sallame shi da kuɗi ko kaya, ya buɗe nasa shagon, shi ma nan gaba ya ɗauki wani. Mutumin Maraɗi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san zaman bara da ubangida, wanda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi. Bambancin shi ne a Nnewi wa'adin sananne ne, kuma maigidan da ya ƙi sallamar yaronsa ya sayi zubewar mutunci a idon dangi da ƴan kasuwa.

Da farko daga Turai da Japan suke sayo kaya. Daga baya suka gano Taiwan, inda ake kai samfurin ƙarfe a ƙero dubbansa da rahusa. Sai tattalin arzikin Nijeriya ya shiga matsi. Daga 1982 shigo da kaya ya koma sai da lasisi, kuma samun lasisin sai mai uwa a gindin murhu. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta soke lasisin, ta kuma karya darajar naira, wadda a 1985 ta fi dalar Amurka ɗaya. Kayan waje suka yi tsada. Manyan fataken Nnewi suka ga gara su sayo injunan da kansu. Suka ɗauko su daga Taiwan tare da masu koya aiki, suka kafa masana'antu a gonakin iyayensu. Cutix ta fara wayoyin lantarki, Cletus Ibeto ya gina ta batir da kayan roba a ƙarshen shekarun 1980, wasu suka kama takalmin birki, bel, matatar mai, madubi da tayoyin babur. Har aka yi wa garin laƙabi da Japan ɗin Afirka.

Gwamnati a cikin katanga

Wanda ya shiga harabar irin wannan masana'anta zai ga abin da ya fi injunan ƙira ɗaukar hankali. A gefe guda ga ɗakin injin wuta da tankin gazuwal. Ga rijiyar burtsatse da tankin ruwa a sama. Ga hanyar da mai masana'anta ya zuba wa tsakuwa ko kwalta da kuɗinsa, domin zaizayar ƙasa ta yankin takan cinye hanya cikin damina ɗaya. Ga masu gadi a ƙofa. Wuta, ruwa, hanya, tsaro: ayyuka huɗu na hukuma ke nan a cikin katanga ɗaya. Wata masaniya ƴar Amurka, Deborah Bräutigam, ta yi bincike a garin, kuma a 1997 ta wallafa shi da wannan ma'ana, cewa masu masana'antun Nnewi sun maye gurbin gwamnati.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Inda kai ƙara kotu ke cin shekaru, ƙungiyar kasuwa da dattawan dangi ne ke raba rigimar bashi cikin kwanaki. Inda banki ke neman jingina da ruwa mai yawa, abokin ciniki na Taiwan ne ke ba da kaya a biya daga baya, saboda amanar shekaru. Wannan ƙoƙari abin yabo ne, amma yana da farashi. Wutar inji ta ninka ta layi tsada. Kuɗin da ya kamata ya sayi sabon injin ƙira ya tafi a gazuwal. Ƙaramin maƙeri kuwa, wanda ba ya da halin haƙa rijiya da sayen babban inji, ba ya girma. Mai ƙera takalmin birki a Sin ba ya sayen injin wuta, ba ya gyaran hanya, kuma ƙarfe na zuwa masa daga maƙwabta. Ko da ma'aikatan Nnewi sun fi nasa ƙwazo, kayansa za su iso Anaca da rahusa.

Hakan kuwa aka yi. Daga ƙarshen shekarun 1990 kayan Sin suka malalo, masana'antu da dama suka rage aiki ko suka rufe, masu su suka koma fataucin da suka baro. Ba ƙananan kaɗai abin ya ci ba. Michelin ta rufe masana'antar tayoyinta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008. Dalilan da aka bayar biyu ne: tsadar wuta, da rage harajin shigo da tayoyin manyan motoci daga kashi 40 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Ƙasar da ke noman roba ta koma sayen taya daga waje.

Abin da jari ba ya saye

Akwai abubuwan da ɗan kasuwa, kome dukiyarsa, ba ya iya gina su a bayan katanga. Na farko shi ne tsayayyar doka. Innocent Chukwuma, wanda ya fara da koyon ciniki a Nkwo, ya lura cewa in aka shigo da babur a wargaje, kwantena ɗaya za ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka, sa'annan a ƙera sassan roba a gida. Da wannan dabara ya karya kuɗin sabon babur. A 2010 shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe masana'antarsa ta motoci, Innoson, a Nnewi. A 2013 gwamnati ta fito da tsarin raya masana'antar motoci, ta ɗora haraji da ƙarin haraji har kashi 70 cikin ɗari a kan motocin da aka gama ƙerawa a waje. Masu jari suka fara shiri. A 2019 shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a dokar da za ta tabbatar da tsarin, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta saukar da ƙarin harajin zuwa kashi 5. Wanda ya ci bashi na shekara 10 don ya ƙera kayan da masu harhaɗa motoci za su saya, ya wayi gari kasuwar ta gushe. In kiɗa na sauyawa kowace shekara, ba mai ɗinka rigar rawa.

Na biyu shi ne darajar kuɗi. A watan Yunin 2023 aka saki naira, daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai masana'antar da ke sayen ƙarfe, dalma da garin roba daga waje ya ga jarinsa ya narke yana kallo. Ƴan kasuwar Nijar da suka ga ranar 12 ga Janairun 1994, lokacin da sefa ta rasa rabin darajarta cikin dare ɗaya, sun san wannan ciwo.

Na uku shi ne awon inganci. Nijeriya na da hukumar kula da ingancin kaya, kuma tun 2005 take da tsarin binciken kayan waje kafin su shigo. Duk da haka jabu na shiga kasuwa cikin kwali mai kama da na asali. Wannan ya fi cutar mai ƙira na gaskiya, domin shi ya sa kayan aiki masu kyau, amma a kan tebur farashi kawai ake gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma a harkar birki da taya, araha ba asarar kuɗi ba ce kaɗai. Takalmin birkin da ya ƙone a gangare yana tafiya da mutum 19 da ke cikin mota.

Na huɗu shi ne zaman lafiya. Daga watan Agustan 2021 masu fafutukar Biyafara suka ƙaƙaba zaman gida kowace Litinin a kudu maso gabas, kuma shekaru da dama tsoro ya riƙa rufe kasuwanni da masana'antu a wannan rana. Kwana ɗaya cikin shida na aiki ya tafi, fatake daga nesa suka rage zuwa. Mai gadi na iya tsare ƙofa, amma ba ya tsare hanyar Anaca.

Inda hukuma ta ba da fili kuwa, ana ganin bambanci. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A Aba, wani garin masu sana'a da ke kudu da Nnewi, an ƙaddamar da tashar wuta mai zaman kanta ta Farfesa Barth Nnaji a watan Fabrairun 2024. Kusan shekara 20 aikin ya ɗauka, kuma rigimar takardu da ta ikon rarraba wuta ta ci shekaru da dama daga ciki.

Rabon Nijar

Abin da ya sami Nnewi ba ya tsayawa a Nnewi. Nijar ba ta ƙera kayan mota, kuma kusan duk abin da take ci, take sawa, take ginawa, a kan taya yake zuwa. Albasar Galmi, shanun da ake kaiwa kudu, majinyacin da ake ɗaukowa daga ƙauye, duka sun dogara da ƙarfen da ya ratso iyaka. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kaya suka koma bin daji, farashi ya hau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, aka kuma yanke wutar da Nijeriya ke bayarwa. Masu walda da masu faci na Maraɗi suka ɗanɗana abin da Nnewi ta saba da shi, kayan da ke biyowa ta Kwatano kuma suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Motoci suka kwana a garaji saboda ƙarfen da bai fi tafin hannu ba.

Akwai kuma darasi ga masu fatan ganin alhazai sun tashi daga fatauci sun koma masana'antu. Maraɗi ta taɓa samun matatsar man gyaɗa da majemar fata, kuma tarihinsu sananne ne ga dattawan garin. An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, ana kuma sa ran zai rage wahalar jigila. Amma dogo kaya yake ɗauka, ba ya ƙera su. Mutanen Nnewi sun nuna cewa jari, dabara da amana suna nan a hannun talakawan Afirka, har ɗan tsaron shago ya kai ga ƙera mota. Sun kuma nuna cewa mai ɗauke da kayan gwamnati a kai ba ya tsere da wanda hannunsa ke sake. Abin da mai masana'anta ke nema wurin hukuma bai taka kara ya karya ba: wutar da ba ta ɗaukewa, harajin da aka sani tun farkon shekara, ɗan duwan mai aiki da takarda, alƙali mai yanke shari'ar bashi cikin lokaci, da ma'aikacin awo da zai raba jabu da na gaske. Duk gwamnatin da ta iya waɗannan biyar, a Abuja take ko a Yamai, ba sai ta roƙi kowa ya kafa masana'anta ba.